Ƙasa a idon mai ita: zanen tsohuwa Emili

Mai karatu, ka tuna ranar da ka fara zama a ajin yaƙi da jahilci? Malami ya ɗauki alli ya yi rubutu a bisa allo. Kai kuwa ba ka ga kome ba sai ƴan layuka, wasu tsaye, wasu a karkace, kamar inda kaji suka yi tono a gindin rumbu. Yau ga ka riƙe da jarida, irin layukan nan suna yi maka magana. Ka ajiye wannan a zuciya, za mu koma kansa.

Akwai mutanen da sana'arsu ita ce zane da fenti. Suna samun ƙyalle mai kauri, su shafa masa launi iri iri, a rataya shi a bango, jama'a su zo kallo. Wasunsu ƙasa suke zanawa: tudu, kwari, daji, gulbi. Masu zanen ƙasa kuma kashi biyu ne. Na farko suna kwaikwayon abin da ido ke gani, kamar mai ɗaukar hoto. Ka ga icce ka ce ga icce, ka ga saniya ka ce ga saniya. Na biyu ba sa kwaikwayon siffar kome. In ka duba aikinsu, layuka da ɗige-ɗige da launi kawai za ka gani, amma su ce maka ƙasa ce suka zana. Wannan shi za mu kira zanen ƙasa marar siffa.

Mutane da yawa in sun ga irinsa sai su yi dariya. Su ce ai ko yaro aka ba fenti zai yi haka. In kuma suka ji kuɗin da ake sayensa, sai su ce damfara ce. Ba mu raina wannan magana ba, don akwai inda take da gaskiya. Amma ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa. Bari mu ɗauki aikin mutum guda mu duba shi da kyau, mu ga daga ina ya fito, yaya aka yi shi, kuma ko ya cancanci yabon da ake yi masa.

Wace ce ita?

Sunanta Emily Kame Kngwarreye. Sunan na ƙarshe yana da nauyi a bakinmu, saboda haka za mu riƙa ce mata Emili. An haife ta wajen shekarar 1910 a Ostiraliya, wata babbar ƙasa da ruwa ya kewaye, can gabas mai nisa bayan tekun Indiya. Ba a rubuta ranar haihuwarta ba, kamar yadda ba a rubuta ta iyayenmu da yawa ba. Baƙar fata ce, daga cikin mutanen asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu ke zaune can fiye da shekara 50,000. Turawan Ingila sun fara zama a ƙasar a 1788, suka yi ta ƙwace ta sannu sannu.

Harshen Emili shi ne Anmatyerr. Ƙasar mahaifinta sunanta Alhalker, a yankin da ake kira Utopiya, kimanin kilometir 230 arewa maso gabas da garin Alice Springs, a tsakiyar Ostiraliya. Wuri ne mai jar ƙasa, da ciyawa mai tsini, da gajerun itatuwa. Gulbin yankin, Sandover, yashi ne yawancin shekara, sai an yi ruwa mai yawa yake gudu. Ruwan da ke sauka a Alice Springs a matsakaiciyar shekara bai kai milimetir 300 ba. Ko Tawa ta fi shi samu.

Tana yarinya, cikin shekarun 1920, Turawa masu kiwon shanu suka iso yankin, suka mamaye wuraren ruwa. Masu ƙasa suka koma ƴan aiki a ƙasarsu. Emili ta yi kiwo a wurin Turawan, ta kuma ja raƙuma masu ɗaukar kaya. Ba ta shiga lakkwal ba. Turanci kaɗan take ji har ƙarshen rayuwarta.

Doyar da ta ba ta suna

Mutanen Emili ba manoma ba ne a da. Farauta suke yi, mata kuma su shiga daji neman abinci. Cikin abincin dajin akwai wata doya siririya da suke kira anwerlarr. Masana tsirrai sun nuna dangin wake ce, dangin kwaruru. Tana yaɗo a ƙasa bayan ruwa, ta yi fure rawaya, ta yi ƴaƴa. A ƙarƙashin ƙasa saiwarta takan kumbura, kaurinta kamar na yatsa. Ƙwayar irin wannan doya sunanta kam. Daga nan Emili ta samu sunanta na tsakiya.

To, ga inda sani yake shigowa. Lokacin da doyar ta nuna, ganyenta ya riga ya bushe, iska ta kwashe shi. Baƙo in ya zo ba zai ga kome ba sai fili. Macen da ta san wurin kuwa takan sunkuya ta nemi ƴan tsage-tsage a fuskar ƙasa, inda doyar ta kumbura ta fasa ta. Nan za ta sa sandar tono. Kai da ka taɓa noman dankali ko rogo ka san wannan alama, yadda kunya ke tsagewa in abin da ke ciki ya girma.

Ke nan tun tana ƙarama Emili ta saba ganin ƙasa hawa biyu: abin da ke bisa, da abin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Ta san inda saiwa ta bi ko ba ta tona ba.

Akwai abu na biyu. Matan yankin suna da wani biki nasu da ake kira awelye. A wurin bikin sukan niƙa jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, su shafa mai a jiki, su ja layuka a ƙirji da kafaɗu da damtse, su yi waƙa da rawa. Kowace ƙasa da layukanta da waƙoƙinta. A imaninsu, wasu kakanni na farkon zamani ne suka bi ta ƙasar suka bar duwatsu da tsirrai da dokoki, kuma bikin yana riƙe ƙasar da lafiya. Addininsu daban da namu, ba kuma wa'azinsa muke yi ba. Amma in ba ka san wannan ba, ba za ka gane zanen ba. Emili ta zama babba cikin masu riƙe da waƙoƙin Alhalker. Ta yi shekaru masu yawa tana jan layuka a jikin mata kafin ta taɓa ƙyalle.

Karatun manya

A shekarar 1977 aka kawo wa matan Utopiya shirin karatun manya. Ana koya masu karatu da lissafi, har da tuƙin mota. Cikin shirin akwai wani irin rini da ya samo asali daga ƙasar Indunusiya, sunansa batik. Ana narka kaki, a zana shi a bisa ƙyalle, a tsoma a rini. Inda kakin ya taɓa, rini ba ya kamawa. Daga nan a dafa ƙyallen kakin ya fita, zanen ya bayyana. Emili tana cikin matan da suka fara. Shekarunta sun kusa 70 a lokacin. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Ashe furfura ma haka.

A daidai wannan lokaci wata babbar magana ta taso. A 1976 gwamnatin Ostiraliya ta yi doka wadda ta ba mutanen asali na yankin arewa damar neman a mayar masu da ƙasarsu, in sun kawo shaidar tasu ce. Mutanen Utopiya suka shigar da ƙara, aka saurare ta a 1979. Ba su da takardar gona, ba su da hatimi. Mata suka ja layukansu a jiki, suka yi waƙoƙin ƙasar da rawarta don mai shari'a ya ga shaida. Daga baya aka mayar masu da ƙasar.

Ka lura da wannan, mai karatu. Layukan da wani zai ce wasan yara ne sun tsaya a matsayin shaida a gaban hukuma.

A ƙarshen 1988 zuwa farkon 1989, wata ƙungiyar watsa labarai ta mutanen asali mai suna CAAMA ta kai wa matan ƙyalle mai kauri da fenti mai saurin bushewa. Aka samu zane 81, aka kai su birnin Sidni aka nuna. Na Emili, wanda aka sa wa suna Matar Emu, shi ya fi jan ido. Emu wani babban tsuntsu ne mai kama da jimina. Emili ta bar batik daga nan. Ta ce aikin ya yi mata yawa, hura wuta da dafa ƙyalle da wanki, ga kuma ido ya fara rauni. Tana da shekara wajen 78.

Yadda take aiki

Mai zanen Turai yakan kafa ƙyallensa tsaye a gabansa kamar taga. Yakan fara da gwaji da fensir, ya ja baya ya duba, ya dawo ya gyara. Emili ba ta yi haka ba. A ƙasa ake shimfiɗa mata ƙyalle, sau da yawa an riga an shafe shi da baƙin fenti. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa a gefensa, ko a bisansa in babba ne, gwangwanayen fenti kusa da ita. Zaman nan shi ne zaman mai tonon doya, shi ne kuma zaman mai yi wa ƴar'uwarta zanen biki. Ba ta gwaji. Ta miƙa hannu iyakar inda ya kai, ta gama da wurin, ta matsa gaba. Sau da yawa tana aiki tana rera waƙoƙin ƙasarta.

Saboda haka ba za ka sami sararin sama a zanenta ba. Ba za ka sami layin nan da sama ke haɗuwa da ƙasa ba. Mai tafiya a hanya shi ke hangen wannan layi. Mai neman abinci ƙasa take kallo.

A shekarun farko takan fara jan layukan saiwar doya, ko sawun emu, sa'an nan ta rufe su da ɗige-ɗige, launi bisa launi, har layukan su kusa ɓacewa. Ɗigon nan iri ne, fure ne, ƴaƴan ciyawa ne. Ka ga yadda aikin ya bi tsarin ƙasar kanta: saiwa a ƙarƙashi, iri da fure a bisa. Daga baya ta koma amfani da babban buroshi, tana dangwala shi da ƙarfi, ɗigon ya yi faɗi kamar fure. Wajen 1994 ta yi zanen da ba kome cikinsa sai layuka jere, irin na ƙirjin mata a ranar biki. A 1995 ta koma ga saiwar doya, amma wannan karo ba ta rufe ta da kome ba.

An taɓa tambayarta me take zanawa. Ta amsa da cewa duka ne, ta lissafa bikin mata, da doya, da ƙadangare, da ƙwayar ciyawa, da emu da abincinsa, da irin da ya ba ta suna. Wato ƙasarta gaba ɗaya.

Babban zanen doya

Aikin da ya fi kowane nuna gwanintarta, a ganinmu, shi ne na 1995 wanda ke ajiye a babban gidan zane na birnin Melbon. Da harshenta sunansa Anwerlarr anganenty. Turawa sun fassara shi da Babban Mafarkin Doya. Kalmar mafarki tasu ce, ba ta dace sosai ba, don abin da ake nufi shi ne asalin doyar da dokarta, ba abin da ake gani cikin barci ba.

Tsawonsa metir 8, faɗinsa ya kusa metir 3. Auna shi a tsakar gidanka: taku 10 ke nan na babban mutum. Launi biyu ne kawai a cikinsa, farin layi a bisa baƙin ƙyalle. Layin ya tashi daga wannan baki, ya lanƙwasa, ya rabu, ya haɗu da wani, ya ratsa ta bisa wani, har ya kai wancan baki. Ba shi da tsakiya, ba shi da wurin da za ka ce nan ne farko. Wani wuri layukan sun cunkushe kamar saƙar taru. Wani wuri sun buɗe, baƙin ya fito fili. Cikin kwana 2 ta gama shi, tana zaune a bisansa, tana da shekara wajen 85.

Me ya sa muka ce gwaninta ce? Dalili na farko, fari a bisa baƙi ba ya ɓoye kuskure. In hannu ya yi rawa, kowa zai gani. A nan kuwa layin yana tafiya da ƙarfinsa daga farko har ƙarshe. Inda fenti ya ƙare a buroshi, layin ya yi siriri, ta sake tsomawa ta ɗora daga inda ta tsaya. Dalili na biyu, tana zaune a bisa ƙyallen, ba ta ganin sai abin da ke gabanta, duk da haka ba ɓangaren da ya fi wani nauyi har ya rinjaye shi. Duk wadda ta taɓa yin kitso ko saƙa tabarma ta san wuyar wannan. Sai aikin duka yana cikin kai kafin hannu ya fara. Dalili na uku, layin yana tafiya kamar abu mai rai. Yaro in ya yi zane, hannunsa yakan yi ta zagaye wuri guda. Layin Emili yana yaɗuwa, yana reshe, yana neman inda ba kowa, kamar yadda saiwa ke neman laima.

In ka tsaya a gabansa, abu biyu za ka gani a lokaci guda: tsagewar busasshiyar ƙasa daga bisa, da saiwar da ta tsaga ta daga ƙarƙashi. Na'urar ɗaukar hoto ba ta iya haɗa waɗannan biyu. A nan ne zane marar siffa ya yi abin da hoto ya kasa.

Zanen lokacin kore

Wanda ya fi suna a kasuwa kuwa shi ne na 1994 da ake kira Halittar Ƙasa. Ƙyalle 4 ne aka jera, tsawonsu duka ya wuce metir 6. Shi launi ne ya cika shi: kore, shuɗi, rawaya, ja, fari, an dangwala su bisa juna. Yana nuna lokacin da ruwa ya sauka bayan dogon fari, daji ya farka, ciyawa da furanni suka rufe jar ƙasa. Emili tana kiran wannan lokaci lokacin kore. Kai ma ka san shi. Ka tuna yadda jigawa ke sake kama kwana kaɗan bayan ruwan shuka, yadda ido ke rasa inda zai tsaya.

A 2007, shekara 11 bayan rasuwarta, an sayar da shi dala miliyan 1 da dubu 56. A 2017 aka sake sayar da shi dala miliyan 2 da dubu 100. Dalar Ostiraliya ake nufi, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Zane ne mai faranta rai, kuma ya kama murnar damana da kyau. Amma mu a ganinmu bai kai na doya ba. Launi mai yawa yana saurin sace ido, yana kuma rufe wurin da hannu ya yi sakaci. Na doya ba shi da mayafi. Tsadar abu ba ita ce ma'aunin kyansa ba.

Da Turawa suka ce ta yi kama da nasu

Lokacin da aikinta ya isa manyan birane, masu sharhi suka yi ta cewa ta yi kama da Mone na Faransa, ko wasu masu zane na Amurka. Suna ganin yabo ne suka yi mata. Bari mu duba maganar.

Mone ya yi shekarun 1890 da 1891 yana zana tarin damman alkama a gonakin kusa da gidansa. Ya zana su da safe, da maraice, cikin sanyi, cikin rana. Hasken da ke sauka bisa tarin shi ya dame shi, har siffar tarin ta fara narkewa cikin launi. Wani ɗan Rasha mai suna Kandinski ya ga ɗaya daga cikinsu a birnin Mosko, ya kasa gane mene ne sai da ya karanta sunan, amma launin ya kama zuciyarsa. Wajen 1910 zuwa 1913 shi Kandinski ya riƙa rage siffar duwatsu da gidaje a zanensa har suka kusa ɓacewa. Hanyarsu ke nan: sun fara da abin da ido ke gani, suna ragewa.

Emili ba ta bi ta wannan hanya ba. Ba ta yi karatun zane ba, ba ta tashi cikin ayyukansu ba. Ita ba ta rage kome ba. Ta zuba abin da ta sani ne, har da wanda ido ba ya gani. Mu baƙi ne muke kiran aikinta marar siffa. Matan Alhalker in sun duba, doyarsu suke gani da ƙasarsu. Wanda ya ce ta yi kyau don ta yi kama da Mone, kamar wanda ya yabi furar gero ne don ta yi kama da madarar gwangwani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi kuma ya san inda ya yi ajiya.

Inda masu suka suke da gaskiya

Cikin shekara 8 Emili ta yi zane wajen 3,000. Kusan guda ke nan kowace rana. Ba mai hankalin da zai ce dukansu sun yi kyau. Akwai waɗanda aka yi cikin gaggawa, launin ya cakuɗe, hannun ya gaji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da sunanta ya fito, dillalai suka yi ta zuwa da ƙyalle da fenti, kowa yana son nasa. Ga kuma dangi masu yawa da suka dogara da ita. Abin da ta samu ta raba shi, ta saya wa ƴan'uwa motoci, ita kuwa ta ci gaba da zamanta na daji kamar da. Tsohuwa mai shekara 80 da ɗoriya ta zama rijiyar da kowa ke ja. Manyan kuɗin da muka ambata ba hannunta suka shiga ba, don bayan ranta aka yi cinikin.

Haka kuma gaskiya ne akwai masu ganin irin wannan zane yana kawo kuɗi, sai su watsa fenti a ƙyalle ba da sanin kome ba, su ce ƙasa ce. Mai cewa damfara ce, irin waɗannan ya gani. Hanyar rarrabewa ita ce ka tambaya: wace ƙasa ce? Me mai zanen ya sani game da ita? Hannunsa ya nuna ya saba, ko kame-kame yake yi?

Akwai kuma iyakar da mu kanmu ba mu wucewa. Wani sashe na sanin bikin mata ba a faɗa wa baƙo. Saboda haka a gaban zanen Emili muna kamar ɗan aji a watansa na farko: ya gane wasu baƙaƙe, saura kuwa sai nan gaba. Wanda ya gane baƙi 5 ba ya cewa sauran littafin shirme ne.

A 1992 firaministan Ostiraliya, Paul Keating, ya ba ta babbar kyautar da gwamnati ke ba masu fasaha. Makonni 2 kafin rasuwarta ta yi ƙananan zane 24 cikin kwana 3, ba ɗigo, ba saiwa, sai faffaɗan shafe na launi. Ta rasu a Alice Springs cikin watan Satumba na 1996. A 1997 aka nuna aikinta da sunan ƙasarta a babban taron zane na birnin Benis a Italiya. A 2008 aka kai shi Japan, a 2025 kuma Landan.

Ka gwada da kanka

Yanzu mu koma inda muka fara. Gobe in an tashi daga aji, ka sami wuri mai yashi, ka ɗauki kara, ka zana gonarka. Kada ka zana ta yadda mai wucewa bisa mota ke ganinta. Zana ta yadda ka san ta. Ja layin gambar da mahaifinka ya dasa a iyaka. Sa alama inda ruwa ke kwanciya, da inda iska ke kwashe ƙasa. Yi ɗigo inda hatsi ke yin kyau a gindin gawo, da inda ƙuduji ke fitowa kowace shekara. Ke ma ƴar'uwa, zana gayaunarki, da hanyar rijiya, da inda kike samun tafasa da yaɗiya.

In ka gama, kira baƙo ya duba. Zai ce layuka ne kawai. Kira maƙwabcin gonarka. Shi zai sunkuya ya ce a'a, iyakar ba nan take ba, matsa da ita gabas kaɗan. Daga ranar nan, in ka ji ana dariyar zane irin na Emili, kana da abin faɗa.

Ku tattauna wannan a ajinku. Wa ya fi sanin dajin garinku, kuma in ya rasu ina saninsa zai tafi? Wanda ya iya rubutu ya zauna da tsofaffi, maza da mata, ya rubuta sunayen wurare da tsirrai da suka sani, ya zana inda suke. Ku aiko mana da abin da kuka samu.

Allah shi ba mu damana mai albarka.